Iska a ramin haƙori

Yau na raka ƙanwata wajen likitan haƙori nan Maradi, za a cire mata jijiyar haƙorin da ya ruɓe. Sai na ga yana tsane ramin da 'yan siraran tsinkayen takarda, ga kuma bututun iska a gefensa. Na ce, "Likita, me zai hana a hura?" Ya ce iskar na iya bi ta ƙarshen saiwar ta shige ƙarƙashin fata, kunci ya kumbura nan take, in ka taɓa ka ji ƙaras-ƙaras. Wani lokaci ta gangara wuya har ƙirji. In kuwa ta shiga jijiyar jini, ko da yake ba kasafai ba, tana kisa.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Har yanzu mamaki nake yadda iska kawai za ta yi wannan ɓarna.