Hujin ya fito, sai Farfesa ya shigo

Alhamdu lillahi, hujin ya fito kafin azahar. Ɗan mitsitsi ne a tsakiyar faifan silikon, gefensa ya zagayu da launuka kamar bakan gizo. Sai da na yi wa kaina tafi, ni kaɗai a ɗaki.

Kun dai san yadda nake fama da wannan samfurin da nake shiryawa don madubin elektron, na'urar da ke harba elektron ta cikin abu don a ga atom ɗinsa. Faifai ne mai faɗin milimita 3, a manna shi da kaki, a yi ta guga a kan takarda mai garin lu'ulu'u har kaurinsa ya dawo wajen maikromita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sannan a kwarmaɓe tsakiyarsa. Nan ne wurin da na fi so, domin silikon shi ke gaya maka inda ka kai. Ka haska fitila ta ƙasa, in ya yi siriri sosai sai ka ga ja mai duhu yana ratsowa, ka ƙara kaɗan ya koma ruwan lemo. Daga nan ka ɗauke hannu, ka narkar da kakin da asiton, ka ɗaga shi da hantsaki kana riƙe numfashi. Sauran aikin na iskar argon ne, ta yi ta cinsa a karkace har ya huje. Bakin hujin nan, inda kauri bai kai nanomita 100 ba (nanomita dubu ne maikromita ɗaya), ta nan kaɗai elektron ke iya wucewa.

Da la'asar Farfesa ya leƙo. Ya tsaya a bayana yana kallon allon madubin, layukan atom sun jeru tsaf. Ya ce, "Kai, na'urar nan ta iya aiki." Na haɗiye, ban ce komai ba. Can kuma ya ce, "Amma Malam, har yanzu kana nan kan gugar hannu? Ai da FIB ka yi, da tuni an wuce wurin." FIB ɗin na'ura ce mai yanko samfuri da harbin galiyum.

Na ce, "Ranka ya daɗe, galiyum a kilobolt 30 yana dagula fuskar silikon, kusan nanomita 20 ta kowane gefe. Me ya rage a tsakiya?"

Ya yi murmushi. Ya ce ai shi ya sa ake sauke ƙarfin zuwa 5 ko 2 a ƙarshe, a share ɓarnar. Kuma da ita kana nuna daidai wurin da kake so, ka lulluɓe shi da filatinum, ka yanko. Ni kuwa huji ne ke zaɓar mini inda zan duba.

Abin da ke cin raina, gaskiya ya faɗa. Na yi ta juya maganar a hanya ina neman inda zan kama shi. Iyakar abin da na samu, nawa samfurin yana ba da fili mai faɗi, na FIB ɗan yanki ne da bai fi 'yan maikromita ba. Hujja ce, amma ba ita ce ta hana ni sakewa ba. Da na'ura aka yaba, sannan aka ce hannun ma ba a cika buƙatarsa ba, duk a cikin minti ɗaya.

Sabuwar ɗalibar ta karya faifanta a wurin wanki, ta yi tsuru-tsuru. Na ba ta wani. Ruwan naitirojin ya kusa ƙarewa, ba wanda ya rubuta a allo.

Farfesa ya ce in sa sunana cikin masu koyon FIB na wata mai zuwa. Na ce to. Ban sa ba tukuna.