Okid ɗin kan dutse a zafin Kumasi

Mutane da yawa sun ɗauka tunda Kumasi gari ne mai yawan ruwa da danshi, kowane tsiron kurmi zai zauna a cikinsa lafiya. Aikin da nake yi wurin wani dattijo mai renon furanni ya nuna mini ba haka abin yake ba, musamman ga ƙananan furannin da ake kira okid, irin su Lepanthes da Masdevallia, waɗanda wasunsu duk girmansu bai wuce ɗan yatsa ba.

Asalin yawancinsu duwatsun Andes ne, musamman a Kolombiya da Ekwado, inda suke tsirowa a tudun da ya kai mita 1,500 zuwa 3,000. Can gajimare ke lulluɓe daji kusan kullum. Da yawansu a jikin rassan itatuwa suke maƙalewa, amma ba irin na kauci ba, don ba sa tsotsar komai daga itacen. Hazo da ruwan sama suke sha ta saiwa.

Danshi kam muna da shi. Abin da ba mu da shi shi ne sanyin dare. Su sun saba da dare mai digiri 10 zuwa 15, mu kuwa a nan da wuya ya sauka ƙasa da 20 in ba lokacin hunturu ba. Idan dare ya yi ɗumi, tsiron yakan ƙone abincin da ya haɗa da rana, sai ka ga ganye na zubewa ɗaya bayan ɗaya alhali ba ka rage shi da komai ba. Maigida yakan ce mini, "Yaro, ba ƙishirwa ke kashe su ba, zafi ne. Kada ka ƙara musu ruwa." Gaskiyarsa, domin ruwa mai yawa cikin zafi ruɓar da saiwa yake yi.

Shi ya sa muke ajiye su cikin akwatin gilashi mai sanyaya, an ɗaure kowanne a ɓawon itace da ɗan gansakuka, ƙaramar fanka tana juyawa dare da rana. Iskar da ba ta motsi ita ke kawo fumfuna. In aka ɗauke wuta, dumsor ɗin nan namu, sai mu jera gorunan ƙanƙara a ciki.

Ba su da kumburarren tushe na ajiye ruwa kamar wasu okid, saboda haka bushewar yini guda kan yi musu illa. Hunturu dai ba shi da amana: ya kawo sanyin da suke so, ya kwashe danshin. Ruwan sama muke tara musu, don gishirin da ke cikin ruwan burtsatse yana ƙona bakin saiwa. Taki kuwa ɗan kaɗan, a tsarma shi sosai.

A ganina, mai farawa a Kumasi bai kamata ya soma da su ba, wahalar da kuɗin wutar sun yi yawa. Akwai Aerangis biloba, ɗan ƙaramin okid mai fararen furanni da ke tsirowa a kurmin Gana, ya san zafinmu, inuwa da feshin ruwa sun ishe shi. Sai dai a saya wurin masu renonsa, kada a je dajin Atewa a ciro.