Godiya ga mutanen Bukuru da duk wanda ya zo kallon majigi

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi ranar Asabar da daddare mun haska fim ɗinmu na tafkunan kuza a Bukuru, an yi lafiya an tashi lafiya duk da hadarin da ya so ya kore mu.

Godiya ta farko ta iyayenmu mata ce masu wanke kuza, su da suka yarda muka kafa musu kyamara alhali ba su san mu ba. Mama da ke tsaye cikin ruwa har gwiwa tana jujjuya kwano, yashi na tafiya baƙar kuza na kwantawa a ƙasa, wallahi da hoton nan ya fito fili ya yi tsit, Allah ya saka miki da alheri Mama. Sai baban yaron da ruwa ya ci, mun ce masa in da nauyi a bari, ya ce a'a a ɗauka mutane su gani. Allah ya jiƙan yaron, ya ba ku haƙuri Baba.

Masu tambaya wai meye na tono tsohon zance, to ramukan nan ba daga sama suka faɗo ba. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a Filato, da farashi ya karye a 1985 aka watse aka bar ramuka daga Rayfield har Barikin Ladi, ruwa ya cika su, kuza ta tafi Ingila rami ya zauna da talaka. Yanzu samarinmu ne ke shiga ramin loto, wato rami mai kama da rijiya da ake haƙa da hannu don neman kuza, da igiya da tocila, ƙasa ta rufta a ce ƙaddara. Mun ga abin da gubar dalma daga haƙar zinare ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400, sai da aka yi ta binne yara kafin aka waiwaye su, ba ma so sai an kai nan.

Kuma don Allah a fahimce mu, ba mu ce a cike duka tafkunan ba, da ruwan nan ake noman rani, kabeji da karas da dankalin da muke ci. Manoman ne ma suka ja mana kunne a kan haka kuma gaskiyarsu ne. A killace masu haɗari, a gwada ruwan a faɗa wa mutane sakamako da yaren da suke ji.

Mai unguwa, liman da fasto da suka zauna benci ɗaya, ɗaliban fim da suka kwana suna editin kyauta, yaran da suka ɗauko janareta a baro, mun gode mun gode. Takardar koken da za mu kai majalisar jiha tana wajen mai unguwa har Juma'a, wanda bai sa hannu ba ya leƙa.