Godiya bayan saukowa daga tsaunukan Bolibiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na sauko lafiya. Waɗanda suka yi ta nemana makon jiya ba su same ni ba, ku yi haƙuri. Inda na shiga babu sabis ko ɗigo, da na fito kuma hannuna ko waya ba ya iya riƙewa.

Hutun makaranta na samu, na bar Sao Paulo ta ƙasar Brazil na nufi kudu maso yammacin Bolibiya. Mu shida muka taso daga garin Uyuni a Land Cruiser. Ranar farko a filin gishiri muka yini, fili ne da ya haura murabba'in kilomita 10,000, na ce ina ma mutanen Bilma sun zo sun gani. Washegari da la'asar muka isa tafkin Laguna Colorada, cikin gandun Eduardo Avaroa, wajen mita 4,300 sama da teku. Ruwan ja ne kamar an jiƙa zoɓo, wata 'yar ƙaramar gansakuka ce ke rina shi, ga fararen tsibirai na boraks a tsakiya sai ka ce an juye buhunan kanwa. Tsuntsayen filamingo dubbai suna tsaye cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, sun kifa baki suna tace abinci. Iri uku ne a wurin. Mai bakin rawaya da ɗan baƙi a tsini, wanda ake kira na James, an daɗe ana zaton ya ƙare a duniya, sai a shekarun 1950 aka sake ganinsa.

A bakin tafkin nan kaina ya fara sarawa. Laifina ne, kwana ɗaya tak na yi a Uyuni, ban bari jiki ya saba da ƙarancin iska ba. Mutanen wurin ciwon "soroche" suke kiransa. Kafin isha'i na fara amai, numfashi sai na yi kokawa da shi, sanyi kuma ya sa ruwan butata ya daskare. Da taimama na yi sallah, a zaune.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga direbanmu ce, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ɗauko tukunyar iskar oksijin daga mota ya sa mini, ya zauna a bakin gadona yana duba leɓena da tocila, in ya ga sun fara shuɗi ya ƙara buɗe iskar. Bai runtsa ba, ga tuƙi na jiransa da asuba. Ni da 'yar Fotugis ɗina, shi da Sifaniyanci, haka muka lallaɓa. Sai baiwar Allah mai girki a masaukin. Tun da rana na ce mata ba na cin naman llama (dabbarsu mai kama da ƙaramin raƙumi) da ban san yankansa ba, ba ta ɓata rai ba, ta dafa mini miyar kinowa, wani hatsinsu, daban. Da dare ita ta riƙa kawo shayin ganyen koka da ruwan zafi a gora na sa a ƙafa. Ko sunanta ban tambaya ba, abin na damuna.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hanyar sauka sai an ƙara hawa. Dole a bi ta Sol de Mañana, inda ƙasa ke tafasa tana fitar da tururi, sama da mita 4,800. Abokan tafiyata biyar sun biya kuɗinsu don su ga wurin, su yi wanka a ruwan ɗumi na Polques, amma da baki ɗaya suka ce a wuce. Na gode muku ƙwarai. Laguna Verde, wato koren tafki, ta taga na hango ta, a gindin dutsen Licancabur. An ce sai iska ta kaɗa take yin kore sosai, kuma sinadarin arsenik da ke cikinta ya sa tsuntsu ba ya zama. Ni dai fari-fari na gani, sai garken bikunya, 'yan uwan raƙumi marasa tozo, suna tsallake hanya.

Muka ƙetare iyaka ta Hito Cajón muka gangara San Pedro de Atacama a Chile, wajen mita 2,400. Kafin mu shiga gari na ji ƙirjina ya buɗe. Likitar da ta duba ni ta yi mini faɗa sosai, na kuma gode mata.

Yaya, na gode da ka ɓoye wa Hajiya har sai da ka ji muryata. Hajiya, ki yafe mini, kin ce kada in je. Uwargida, Allah ya bar mu tare, na san kwanakin nan ba ki yi barci ba. 'Yan uwa ɗalibai da kuka haɗa kuɗin canza mini tikiti ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Hotunan jan tafkin suna nan tafe in sha Allahu. Na koren kuwa sai ɗaya daga abokan tafiya ta turo mini nata.