Litinin 15 ga Fabrairu 2021, yau na bi layin Mama Cicely

Yau hutu ne a nan Amurka, ranar shugabannin ƙasa, yara ba makaranta, kuma shago tun da korona ta zo sai wanda ya kira ya kama lokaci ake buɗe wa, dan haka tun jiya na faɗa wa Hajiya mai shago cewa da safe ba zan shigo ba zan je titi na 138 in yi sallama da gawar Cicely Tyson, jarumar fim ɗin nan baƙar fata. Ta ce min ke da ba danginki ba ba addininku ɗaya ba, cikin wannan sanyi? Na ce Hajiya ki yi haƙuri, matar nan tana da haƙƙi a kanmu mu masu kitso ko mun sani ko ba mu sani ba. Ta ce to Allah ya kiyaye, ki dawo kafin la'asar akwai kai biyu.

Tun 28 ga Janairu ta rasu, tana da shekara 96, sai yau iyalanta suka buɗe wa jama'a su zo su gan ta a cocin Abyssinian da ke nan unguwar Harlem ta New York, cocin da take zuwa, wanda tun 1808 aka kafa shi lokacin da baƙaƙen fata suka ƙi yarda a dinga ware musu wurin zama daban a cocin turawa. Na tafi da 'yata babba. Wlh tun kafin mu ƙarasa muka hango layi ya zagaye unguwar, kowa da takunkumi a fuska, kowa ya ba na gabansa tazara, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga ragowar dusar ƙanƙara a gefen titi ta yi baƙi. Tsofaffi da sanduna, wasu a keken guragu ana tura su, 'yan mata, maza ma ba kaɗan ba. Wasu sun rungumo littafinta na tarihin rayuwarta, Just As I Am, wanda ya fito 26 ga Janairu, kwana biyu kacal kafin ta cika. Abun nan yana tsaya min a rai, mace ta gama ba da labarinta da bakinta, har tana ta hira da 'yan jarida a kan littafin, sannan wa'adi ya zo.

A gabanmu akwai wata dattijuwa 'yar nan ƙasar, za ta haura saba'in, ta ga ɗankwalina ta tambaye ni daga ina, na ce Afirka ta yamma, kitso nake yi a titi na 125. Sai ta kama hannuna da safar hannunta ta ce to ke ce ya fi kamata ki zo. Ta ce lokacin suna yara ba ka ganin baƙar mace a talbijin sai da gashi a miƙe, an ƙona shi da kum mai zafi ko an ɗora na kanti, har sai 1963 da aka fara wani shiri East Side/West Side, inda Cicely ta fito a matsayin sakatariya a ofishin masu taimakon jama'a tare da George C. Scott, da ɗan gajeren gashinta yanda Allah ya halitta. Ta ce a gidansu rigima aka yi, mamanta tana cewa yarinyar nan ta kunyata mu a gaban turawa, ita kuma a ɓoye tana kallon madubi tana tunanin ashe nata gashin ma za a iya fita da shi. Shirin bai wuce zango ɗaya ba aka tsayar, amma a wancan lokacin baƙar mace ta samu gurbi na dindindin a shirin talbijin irin wannan, ba ƙaramin abu ba ne.

Ni abun da ya sa na ce wa Hajiya tana da haƙƙi a kanmu kenan. Bayan wannan, farkon shekarun 1970, ta dinga fita da kitso zane a kanta a wajen taro da bangon mujallu, lokacin da mutane da yawa a nan suke wa kitso kallon abun ƙauye ko na yara. Ba ita kaɗai ta canza tunanin mutane ba, na sani, amma tana cikin na gaba gaba. Yau ga shagunanmu jere a Harlem, 'yan Senegal, 'yan Mali, 'yan Gini, mu 'yan Nijar da Ghana, da wannan kitson muke biyan haya muke aika wa gida, kwastoma ta zauna awa shida ta tashi tana alfahari da kanta. Wani ne ya fara shan zagi kafin a zo nan.

Layin yana tafiya a hankali dan kaɗan kaɗan ake shigarwa, sai 'yata ta ce Umma ba ni labarinta mana tunda ke kin haddace, ita dai a tsohuwar maman Annalise ta shirin talbijin How to Get Away with Murder ta san ta. Na ce zo ki ji. A nan Harlem ta gabas ta tashi, an haife ta 19 ga Disamba 1924, iyayenta baƙi ne kamar mu, daga wani ɗan tsibiri Nevis a yankin Karibiyan suka zo. Uban kafinta ne mai fenti, uwar aikatau take a gidajen mutane, auren ma bai ɗore ba. Uwar mai riƙo da addini ce sosai, rayuwarsu daga gida sai coci, silima kam ba a maganarta. Tana 17 ta samu ciki. Ta yi aikin buga tafireta a ofishin Red Cross, daga nan aka ga kyanta ta shiga tallan kayan sawa, hotonta ya fara fita a mujallun baƙaƙen fata irin su Ebony, sannan ta shiga koyon wasan kwaikwayo. Ranar da uwar ta gane 'yarta wasa za ta yi ta ce sai dai ta bar mata gida, kuma ta bari, kusan shekara biyu ba sa magana. Nan 'yata ta kalle ni ta gefen ido, na gane abun da take nufi dan ita ma maganar karatun fim take min tun bara ni kuma ina ta ja. Ban ce komai ba amma maganar ta shige ni.

A dandamali ta fara yin suna. 1961 ta fito a wani wasan daɓe The Blacks a wani ƙaramin gidan wasa a nan New York, kuma ki ji waɗanda suke tare, James Earl Jones, Maya Angelou, Louis Gossett Jr., duk a lokacin ba wanda ya san su sosai. Amma sai 1972, tana 47, ta samu fim ɗin da ya ɗaga ta, Sounder. Labarin manoma ne 'yan ƙodago a Luwiziyana lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, mijin, Paul Winfield ne ya fito a shi, ya ɗauko abinci dan yaransa na kwana da yunwa aka ɗaure shi, ita Cicely, a matsayin matarsa Rebecca, ta riƙe gona da yara har ya dawo. Akwai wurin da ta hango shi daga nesa yana ɗingishi ta zuba da gudu, duk sanda na kalla sai na yi hawaye, dan duk macen da mijinta ya yi nisa ta riƙe gida ita kaɗai ta san wannan gudun. An sa ta a takarar Oscar, ita da Diana Ross a shekara ɗaya, amma Liza Minnelli ce ta ɗauka. Sai 2002 kafin baƙar mace ta ci wannan lambar ta babbar jaruma, Halle Berry.

To abun da ya fi komai ɗaure ni da matar nan a lokacin tallan Sounder ya faru, ita da kanta ta sha ba da labarin. Wani ɗan jarida bature ya faɗa mata cewa da ya ji yaron cikin fim ɗin yana kiran ubansa da irin sunan da nasa ɗan yake kiransa a gida, sai ya ji abun ya dame shi, wato bai taɓa kawowa a ransa baƙar fata ma uba ne kamar shi ba. Daga ranar ta yanke wa kanta cewa ita ba ta da damar yin wasa dan wasa kawai. Duk rawar da za ta zubar da mutuncin baƙar mace, karuwa, 'yar ƙwaya, irin finafinan da ake ta yayi a shekarun 1970, ba ta karɓa. Kuma fa ba a bakin wadata ta yi wannan ba, akwai lokutan da take zama ba aiki na tsawon lokaci, sai yawon jawabi a jami'o'i take yi ta samu na rufin asiri. Mu da muke ƙasar mutane mun san nauyin ka ce a'a ga kuɗi alhali haya tana jiranka ƙarshen wata. Ni wannan nake girmamawa fiye da duk lambobin yabon.

Kuma dubi abun da haƙurin ya haifar. 1974 ta yi The Autobiography of Miss Jane Pittman a talbijin, ta fito a mace tun tana budurwa har ta kai shekara 110, wadda aka haifa cikin bauta ta rayu har zamanin fafutukar 'yanci, a ƙarshe ta lallaɓa da sandarta ta sha ruwa a famfon da aka rubuta na turawa ne kaɗai. Lambar yabon talbijin ta Emmy biyu ta ɗauka da shi. Viola Davis, wadda ta fito a Annalise, ta sha faɗa cewa wannan fim ɗin ta gani tana yarinya cikin talauci ta ce ita ma wasa za ta yi, kuma ita ta rubuta gabatarwar littafin Cicely. 1977 sai Roots, ta fito a Binta mahaifiyar Kunta Kinte a ƙauyen Jufure na Gambiya, fitowar ba ta da tsawo amma wurin haihuwar nan ba ya mantuwa, ni a nan na fara ganinta ina yarinya a kaset, ina murna ga Binta a fim ɗin turawa. 1978 ta yi Coretta matar Martin Luther King, a shekarar kuma ta yi Harriet Tubman mai kuɓutar da bayi. 1994 ta ƙara Emmy ta uku.

Aurenta da Miles Davis mai busa ƙaho daga 1981 zuwa ƙarshen shekarun 1980 ne, ta tsaya masa ya rabu da ƙwaya, ita kuma ta sha wuya a hannunsa. 'Yata ta so in tsaya a nan na ce a'a, yau ba ranar wannan ba ce.

Da muka iso ƙofa aka tsayar da mu kaɗan sannan aka ce mu shiga. Ban taɓa shiga cocin nan ba duk shekarun da nake wucewa ta gabansa. Furanni ko'ina, manyan hotunanta a gefe, ana tafiya a jere ba tsayawa, ka iso gabanta ka ɗan rage tafiya ka wuce. 'Yar ƙaramar mace ce ashe. Dattijuwar nan ta gabanmu ta fashe da kuka har sai da 'yata ta riƙe ta muka fito da ita. Awannin da muka yi a layi, ganin bai fi na daƙiƙu ba, kuma ban ji na yi asarar komai ba.

A hanyar komawa na ƙarasa mata sauran. 2013, tana 88, ta koma dandamalin Broadway bayan shekara talatin, a wasan The Trip to Bountiful, tsohuwa mai son ta ga garinsu sau ɗaya kafin ta mutu, kai wannan labarin ai namu ne mu 'yan ci-rani. Tana rera waƙar coci a tsakiyar wasan 'yan kallo suna amsa mata. Ta ɗauki lambar yabon wasan dandamali ta Tony da shi. 2015 tana 90 ta sake hawa dandamali ita da James Earl Jones a The Gin Game, mutum biyu rak a wasan, ki duba yawan hadda a wannan shekarun. 2016 Obama ya rataya mata lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, 2018 aka ba ta Oscar ta girmamawa, baƙar mace ta farko da aka ba. Akwai makarantar gwamnati a East Orange ta jihar New Jersey mai sunanta inda ake koya wa yara wasa da kiɗa da zane, kuma tana raye tana zuwa tana duba su.

Na isa shago kafin la'asar, yatsuna sun sandare sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin na iya riƙe kibiya. Kwastomar farko da ta ji inda na je sai ta ciro waya ta nemo wurin nan na How to Get Away with Murder inda Annalise ta cire gashin kanti ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun mamanta, Cicely tana taje mata kai tana shafa mai tana faɗa mata sirrin da ta daɗe tana ɓoyewa. Hajiya ta bar abun da take yi ta zo ta leƙa, ta ce kai wannan ai ta iya riƙon kai, dubi yanda take raba gashin, wannan ba koya mata aka yi a wurin fim ba. Ta sa aka maimaita mata. Daga baya ta ce da na sani da na bi ku.

Da dare bayan isha'i na kira 'yata ɗaki na ce ta kawo min takardun makarantar fim ɗin da take ta magana in gani, kuɗin nawa ne, shekara nawa ne, akwai tallafi ko babu. Ban ce na yarda ba tukun, sai na yi magana da babanta, kuma ina da sharuɗɗa na. Ta ce za ta buga su gobe a laburare in an buɗe, in ba a buɗe ba ta nuna min a kwamfuta. Littafin kuma mun yi oda, ita za ta dinga karanta min dan turancina na karatu bai kai nata sauri ba. Gobe ƙarfe tara ina da kalaba.