Kayan shigar fati ga ɗan shekara 11: a haɗa su yadda zai iya ragewa

Katin gayyata ya ce kowa ya zo da shiga ta musamman. Yaro ya dawo gida yana zumuɗi, shi ɗan sama jannati zai zama, har ya fara zana kayan a bayan littafinsa. Bayan kwana biyu sai jikinsa ya yi sanyi. "Mama, to idan suka yi mini dariya fa?" Daga nan hankalin uwa ma ya rabu biyu, tana son ta biya masa buƙata, tana kuma tsoron ta tura shi cikin sa'o'insa ya zama abin nuni.

Tsakanin shekara 9 zuwa 12 wannan juyin ba baƙon abu ba ne, ga maza da mata. Yaron da shekara uku baya zai ɗaura tawul a wuya ya fita yana taƙama, yanzu idon abokai yake fara dubawa. A 1967 masanin halayyar yara David Elkind ya bayyana yadda mai tasowa yake ji kamar akwai 'yan kallo da ke binsa da ido ko ina ya shiga. A 2000 kuma Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka fitar da wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka: an sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa, aka tura su cikin ɗaki. Sun ɗauka kusan rabin mutanen ɗakin za su lura, ashe kimanin ɗaya cikin huɗu ne suka lura. Wannan na iya kwantar da hankalin iyaye, amma ban ba da shawarar a mayar da shi "ba wanda zai kula ka" ba. Ɗaya cikin huɗu ma mutane ne, kuma yaron ya fi ku sanin bakin 'yan ajinsu.

Idan aka zauna da shi aka tambaya a natse, tsoron yakan sauka kan ɗayan abu uku. Ko ya je ya tarar shi kaɗai ya yi shigar, ya fita zakka. Ko wani abu ya ɓalle daga jikinsa a gaban mutane. Ko a ce masa ya yi shigar ƙananan yara. Na farkon tambaya ce maganinsa. A kira iyayen da suka shirya fatin a ji ko da gaske kowa zai yi shigar, kuma yaron ya tambayi abokansa biyu abin da za su sa. In ya samu aboki ɗaya da za su shiga tare, rabin damuwar ta kau, domin mai neman wanda zai tsokana ya fi ƙyalla ido kan wanda ya shigo shi kaɗai.

Sauran biyun a wajen haɗa kayan ake maganinsu, kuma dabarar ita ce a yi su hawa-hawa. Hawa na farko tufafin da yaron ya saba sawa ne, waɗanda zai iya zuwa gidan abokinsa da su ba wanda ya ɗaga kai, misali farar riga da wando mai duhu. Hawa na biyu abu ɗaya ko biyu ne da ke nuna ko shi wane ne. Na uku ƙarin ƙawa ne kawai. Sharaɗin shi ne duk abin da ke hawa na biyu da na uku ya iya cire shi da kansa cikin daƙiƙa goma, kuma ya shiga jakarsa. Idan ya isa ya ga kowa ya yi shigar burtu sosai, sai ya sa duka. Idan ya ga 'yan huluna kawai aka ɗora, sai ya rage. Rigar nan ta kanti mai haɗe da wando daga wuya har idon sawu ba ta ba shi wannan damar. In ya shiga ya shiga ke nan, ga zafi, ga wahalar shiga banɗaki tunda zif ɗinta galibi a baya yake.

Mu ɗauki ɗan sama jannatin. Abin da zai nuna shi shi ne tankin baya. Ana buƙatar gorunan lemo na roba guda biyu masu lita ɗaya da rabi, kwali mai kauri santimita 25 a faɗi 30 a tsawo, roba mai talewa mai faɗin santimita 2 da rabi, da fentin feshi ruwan azurfa. A cire takardun jikin gorunan, a wanke, a bari su bushe sarai, sannan a goge su da samfefa har ƙyallinsu ya dushe. Wanda ya tsallake gugar nan zai ga fentin yana ɓarewa da farce. A fesa a waje inda iska take, daga nisan santimita 20 zuwa 30, shafi biyu marasa kauri da tazarar kamar minti 15. Shafi ɗaya mai kauri dalala yake yi, kuma ya daɗe yana danƙo.

Wajen haɗa gorunan da kwalin ne aka fi faɗawa rami. Hannu yakan kai ga bindigar gam mai zafi, amma robar goran lemo tana fara laushi tun daga wajen digiri 70 a ma'aunin Salsiyas, gam ɗin kuwa yana fitowa da zafin da ya haura digiri 100, wani ma har kusan 190. Sai goran ya lotsa, kuma bayan ya huce gam ɗin bai kama roba mai santsi ba, tsalle biyu ya saki. Maimakon gam, a huda kwalin, ramuka biyu sama biyu ƙasa ga kowane gora, a zagaye goran da igiyar roba mai kulle irin ta masu haɗa wayar lantarki, a ja ta kame, a yanke saura, a juya kullin ya koma gefen gora don kada ya soki bayan yaro. Bakin gorunan ya kalli ƙasa, a cusa ƙyallaye ja da ruwan lemo a matsayin wuta. Igiyar kafaɗa kuwa, wato robar nan mai talewa, a gwada a jikin yaron kafin a yanke, yawanci santimita 40 zuwa 45 kowace ta isa. A zura ta cikin tsagar da aka yi a kwalin a ɗinke bakinta da zare, kuma a manna tef mai ƙarfi a gefen kowace tsaga, domin nan kwali yake fara yagewa. Wani ƙaramin abu: layukan cikin kwalin su tsaya daga sama zuwa ƙasa. In suka kwanta, nauyin gorunan zai karya shi a tsakiya.

Gam na yadi yana son awa 24 kafin ya kama da kyau, don haka aikin daren jajibiri ba nasa ba ne. A kan yadi mai talewa ma kada a dogara da gam ko wane iri ne, ɗinkin hannu biyar ko shida ya fi shi. Fentin feshi kuma yana cinye farin soson nan da ake samu a kwalin kayan lantarki, ga wanda ya yi niyyar yin kwalkwali da shi.

Idan shigar mai mayafin baya ce, a auna daga ƙeya zuwa bayan gwiwa, kada ya wuce nan, don wanda ya kai ƙasa shi ake takawa a baya, da gangan ko da kuskure. A wuya kada a ɗaure da ƙulli. A sa Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da ake ɓanɓarewa da hannu, ɗan santimita 3, yadda in an fizga ko ya maƙale a ƙofa zai ɓalle da kansa. Auduga da ake mannawa don gemu ko gajimare tana kama wuta nan take, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata, saboda haka a ja masa kunne kan kyandir. Ƙananan fitilun ado masu batir mai kama da maɓalli kuwa, in akwai ƙane ko ƙanwa mai rarrafe a gida a tabbata murfin batirin a kulle yake da noti, domin haɗiye batirin yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

Fuska tana son shawara ta daban. Abin rufe fuska yana burge yaro mai kunya don yana ɓuya a bayansa, sai dai yana rage gani, yana tara gumi, kuma shi ne abin da yara suka fi son fizgewa su gudu da shi. Idan dole ne, ramin kowane ido ya kai santimita 3 zuwa 4, kuma ya zama irin wanda ake turawa saman goshi. Fentin fuska shi ne ya fi saɓa wa dabarar hawa-hawa, tunda ba ya shiga jaka. A taƙaita shi, tauraro ɗaya a kunci ko layi biyu, da fentin da aka yi don fata mai fita da ruwa da sabulu. A ɗiga kaɗan a kan fatar damtsensa kwana biyu kafin ranar a ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. Fentin zane da alƙalamin allo ba na fata ba ne. Gilashin cikin ido mai canja launi kuwa a manta da shi gaba ɗaya in ba likitan ido ne ya auna ya ba da shi ba.

Kwana uku kafin fatin ya sa komai na rabin awa. Ya zauna a kujera, ya ɗaga hannu sama, ya durƙusa, ya hau matakala, ya ci wani abu, ya shiga banɗaki ya fito shi kaɗai. Duk abin da zai saki a nan zai saki, kuma da sauran lokacin gyara. Ya kuma gwada cire tankin da mayar da shi ba tare da madubi ba.

Akwai kuskuren da iyaye masu hannu suka fi yi, wato zaƙewa. Uwa mai iya ɗinki ko uba mai iya ƙere-ƙere sai ya karɓe aikin, ya ƙara ado nan ya ƙara can, har kayan su fi ƙarfin yaron. Abin da ya fita tsaf kamar daga shago yakan jawo "mamanka ce ta yi maka ko?", abin da yaron ya fenta da kansa kuwa yana da bakin kare shi ko da layin ya karkace. Wuƙa, feshi da gam mai zafi na babba ne. Zaɓen launi, zane da manne-manne a bar masa. Haka nan in ya zaɓi shigar da kuke ganin za ta jawo magana, a gaya masa sau ɗaya, a fili: "Wasu za su iya cewa ta yara ce. Ka yarda da hakan?" In ya ce e, a ci gaba da aiki.

Sai amsar da zai bayar in an taɓa shi. Ta zama gajera, ba fushi, ba dogon bayani. "Ni na haɗa." "E, haka nake so." Ko ya yi 'yar dariya ya ce "naka fa ina yake?" ya wuce wajen abokansa. A gwada a gida sau biyu ko uku, babba ya zama mai tsokanar, don bakin yaron ya saba. Ba ruwansa da ramawa da zagin jikin wani ko tufafinsa, nan ne ƙaramar magana take zama rigima.

Ya kamata su ma iyaye su bambance zolaya da cin zali. Dan Olweus, wanda ya daɗe yana nazarin wannan a makarantun Norway, ya kafa alamomi uku: ana yi da niyyar cutarwa, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko yawan magoya baya. Aboki da ya ce "tankinka ya karkace" suka yi dariya tare, ya daina da aka ce ya isa, zolaya ce. Yaron da aka saba tarar masa, wanda tun kafin fatin yake ƙin zuwa makaranta ko yake kukan ciwon ciki da safe, matsalarsa ta wuce ta tufafi, kuma malamansa ya kamata su ji. Hoto ma a yi maganarsa tun a gida: yana da damar cewa kada a ɗauke shi, kuma in aka yaɗa hotonsa a WhatsApp ana ba'a, ya ajiye shaidar ya nuna, kada ya shiga mayar da martani.

Ranar fatin a sa masa fil mai kulle guda uku, ɗan tef da ƙyallen goge fuska a aljihun jaka. A yi yarjejeniyar wata kalma da zai turo ko ya faɗa a waya in yana so a zo a ɗauke shi, ba tare da tambayoyi a gaban mutane ba. In kuma a bakin ƙofa ya ce shi tankin a jaka zai bar shi, a bar shi ya shiga da farar rigarsa, jakar na kafaɗarsa.