Baban yara ya dawo gida, mun gode

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Yau kwana 4 da dawowar Baban yara, sai yanzu na iya riƙe waya na yi rubutu, ku yi haƙuri da kiran da ban ɗauka ba, jikina ne ya saki gaba ɗaya tun ranar da na gan shi a bakin ƙofa da ƙafafu a kumbure. Duk kun san yadda masu garkuwa da mutane suka ɗauke shi a hanyar Kachia da yadda muka yi kwana 38, ba sai na sake ba, ni kaina ba na son tunawa.

Dare ɗaya ne nake so na faɗa muku. Daren da suka kira suka sa min muryarsa ana dukansa, suka ce in kuɗi da babur ba su cika ba kada na ƙara kiransu. Na zauna a ƙasan kicin don kada yara su ji kukana, na buɗe baki zan yi addu'a amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita, Allah ya sani a ranar na ji kamar sama a rufe take. Sai ga Uwar Zumuntar Matan cocinmu ta ƙwanƙwasa ƙofa wajen ƙarfe 10, tsohuwar da ke fama da gwiwa, ta tako a ƙafa da tocila da Littafi Mai Tsarki ɗinta wanda bangonsa ya yage. Ba ta ce min na daina kuka ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni ta ce 'yata buɗe Habakkuk 3, karanta daga aya 17, idona ba ya gani da dare. Na karanta inda annabin ke cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko inabi da zaitun sun ƙi, ko gona ba ta ba da komai ba kuma garke ya zama wayam, shi dai zai yi murna da Ubangiji. Mama ta ce mu ba mu da zaitun amma muna da citta, kin manta 2023 da cuta ta ruɓar mana da citta a gona har aka rasa iri? Ta ce a shekarar ai ba mu daina waƙa a coci ba, wanda ya riƙe mu a lokacin bai yi tafiya ba. Sai ta fara waƙa a hankali da muryarta mai rawa, ban san lokacin da na kama amshi ba, hawaye na zuba ina waƙa, yara suka farka suka zo suka zauna. Babu abin da ya canza a daren nan, kuɗi bai cika ba, wayar ba ta sake ƙara ba, amma na yi barci har gari ya waye, rabona da barci irin wannan tun ranar da aka ɗauke shi.

Mama na san za ki ce don me na ambace ki, ki yafe min, ba zan iya shiru ba. Baba Fasto da dattawan ikkilisiya da suka sa baiko na musamman aka tara mana kuɗi har sau biyu, matan Zumunta da suka raba kwana suna kawo tuwo, matasa da suka yi azumi da addu'ar dare, Ubangiji ya sāka muku. Sai Alhaji mai shagon bakin layinmu a Sabon Tasha, wanda ya rufe littafin bashi ya ce Maman yara ki aiko a ɗauki abin da ake so, ya kuma kawo nasa gudummawar a ambulan bai bari kowa ya gani ba, Allah ya tsare masa iyalinsa. Ƙanena da ya kai saƙon daji da ransa a hannu, ban da bakin gode maka.

Akwai waɗanda jini ɗaya ne da shi, muna ganin su a Facebook kullum amma ko flashin ba mu samu ba, sai yanzu ake ta kira ana barka. Ba komai, na bar wa Allah, ina roƙonsa ya wanke min zuciya don har yanzu abin yana min zafi.

Ya Uba, waɗanda ya baro a dajin nan ka tuna da su, ka buɗe musu hanya yadda ka buɗe wa Bulus da Sila ƙofar kurkuku da tsakar dare, ka ta'azantar da matan da har yau suke kwana da waya a hannu, ka taɓa zuciyar masu riƙe da su su tuba, ka ba ƙasarmu salama, cikin sunan Yesu, amin.

Sujadar godiya ranar Lahadi ce ƙarfe 8 na safe, matan Zumunta ku zo da zaninku da tulun kiɗa. Masu son zuwa gida don Allah ku ɗan ba shi mako ɗaya, har yanzu ƙarar babur tana firgita shi kuma likita ya ce ya huta.